Cokalin Gishiri da Langar Iya

A cikin keke mai ƙafa uku na sami labarin an ɗauke ni aikin bincike, muna tsakanin unguwar Tumfure da cikin garin Gombe, kuma sai da matar da ke kusa da ni ta ja jakarta ta matsa gefe saboda dariyar da na fashe da ita ni kaɗai. Ni da na yi shekara da shekaru ina ɗiga wa jarirai rigakafi, ina auna masu juna biyu a ɗan asibitin unguwa, yau wai ni ce ma'aikaciyar bincike. Aka ba ni kati mai igiya na rataya a wuya. Har gidan suna na je da shi, a saman mayafi, don kada wata ta ce ba ta gani ba. Maigidana ya ce in dai da shi zan dinga kwana, to a yi masa nasa shi ma.

Likitar da ke jagorantarmu, wadda duk muke kira Dakta, 'yar siririya ce mai saurin magana, ba ta iya zama a kujera in tana bayani. Ranar farko ta tara mu ta ce:

"Ku saurare ni da kyau. Wannan ba shi ne babban binciken ba, gwajin share fage ne. Babban, in Allah Ya kai mu, shi zai duba ko rage gishiri a girkin gida yana sauke wa iyayenmu mata hawan jini. Mu yanzu so muke mu ga ko abin ma zai yiwu. Za su yarda su shiga? Za su riƙe abin da aka koya musu? Za su bari a dinga shiga gidajensu ana auna su? Duk inda tsarin nan zai yi yoyo, a nan nake so ya yi, tun mutanen ba su da yawa."

Na yi ta gyaɗa kai. A raina kuwa cewa nake, a hannuna dai babu abin da zai yi yoyo, sai dai a unguwar wani.

Tsarin ba shi da wuya. Za a nemi tsofaffin mata masu hawan jini, 'yan kaɗan, a wasu layuka na unguwar Shamaki, a raba su gida biyu. Kashi ɗaya a ba su wani ɗan cokali shuɗi na roba, a koya musu gwargwadon gishirin da tukunya ke buƙata, su rage dunƙule, su ƙara daddawa da citta da tafarnuwa. Ɗaya kashin su ci gaba da girkinsu yadda suka saba, in an gama su ma a ba su nasu cokalin. Kowa na kan maganinta, kowa za a auna ta duk mako. Ba ni zan zaɓi wadda za ta shiga wane kashi ba, ba kuma Dakta ba. Ambulan ne a rufe, kowace ta ɗauki nata.

Da aka ce Shamaki sai da na kusa yin guɗa, don a can aka haife ni, a can na yi Islamiyya, babu zauren da ban sani ba. Kuma tun kafin in sauka daga keke na san gidaje biyun da zan fara shiga.

Dada da Iya maƙwabta ne, katanga ɗaya ce tsakaninsu. Dada Bafillatana ce 'yar asalin garin, doguwa, mai kunya da ƙarancin magana, in ta ce maka "jabbama", wato sannu da zuwa, ta shimfiɗa maka tabarma to ta gama hirar rabin yini. Iya kuwa daga wajen Kano mijinta ya zo da ita tana amarya, lokacin da ya kafa rumfar yadi a Kasuwar Gombe, kuma har yau bakinta bai huta ba. Mazajensu duk sun rasu. Kowace tana da surukai masu girki a gida, amma kowace tana da 'yar tukunyarta daban, don a cewar Iya miyar 'yan matan yanzu ruwa ne da launi. Akwai wani wuri da katangar ta ɗan rusuna, daidai ƙirjin mutum. Tun kafin a haife ni, kullum bayan la'asar langar Iya takan tsallaka ta nan zuwa wajen Dada, ta Dada ta tsallaka zuwa wajen Iya, su jingina da katangar su yi ta hira, wato Iya na zuba Dada na cewa "to". Ciyayyar nan ba ta taɓa tsayawa ba, ko da takaba, ko da azumi. Babban ɗan Iya ya gina gida a Tumfure, ya ware mata ɗaki mai banɗaki a ciki, ya yi lallashin duniya ta koma can. Amsarta ɗaya ce kullum: ya fara ɗauke katangar ya kai, sannan ta biyo.

Su biyun duk suna da hawan jini, duk suka yarda za su shiga bayan na karanta musu bayanin tiryan-tiryan. A tsakar gidan Dada suka ɗauki ambulan. Dada ta buɗe nata, cokali. Iya ta buɗe nata, babu.

"Alhamdu lillahi," in ji Iya. "Allah Ya tsare mini miyata. Ke Bafillatana je ki sha ruwan zafi da ganye."

Dada ta yi murmushi tana jujjuya cokalin. Da Iya ta tafi, na zauna na karanta wa Dada sharuɗɗan masu cokali kamar yadda aka rubuta mana. Biyu ne manya: ta riƙa cin abin da aka dafa da awon cokalin, kuma kada ta ba wa 'yan ɗaya kashin cokalin ko girkinsa har a gama, don kada kashin biyu su cakuɗe.

Ta ce, "'Yar nan, amana ce kenan?"

Na ce, "Amana ce, Dada." Na faɗa ina gyara katina, cike da jin daɗin an ɗauki aikina da muhimmanci. Ta tashi ta rataye cokalin a ƙusar da take rataye carbinta.

Mako na zagayowa na shigo da na'urar awon jini a jaka, matar ɗan Dada ta tare ni a zaure tana raɗa. Ta ce Dada ta daina aika langa. Ta je bakin katanga ta ce wa Iya an hana ta ci an hana ta bayarwa sai an gama, Iya ta ce, "An hana ki? To madalla," ta juya. Amma Iya ba ta fasa aikowa ba. Kullum bayan la'asar langarta na kan katanga a rufe da faifai. Dada ta ce wa surukar ta ɗauka su ci da yara, ta wanke ta mayar, kada a buɗe a gabanta, kada ma a yi mata zancenta. Ita kuma ta daina zuwa bakin katangar gaba ɗaya, don da wane ido za ta kalli matar da take mayar wa langa wayam.

Na ce, "Haba, kwana nawa ne. Su Dada da Iya ne fa. Kafin Juma'a sun shirya." Na shiga na auna Dada, na yaba mata, na wuce gida na gaba ina 'yar waƙata.

Ai kuwa makonnin nan na ji daɗin rayuwata. Duk gidan da na shiga sai an ajiye mini kwano. Ka ce ka ƙoshi a Shamaki, a gidan da aka goya ka, ai ka nemi magana. Sai na ba kaina fatawa cewa ɗanɗana girkin ma wani ɓangare ne na aikin. Tuwon masara a nan, ɗan wake a can, dambu a gaba, faten tsaki da yakuwa a ƙarshen layi. In na hau keken komawa Tumfure tun kafin mu fita gari barci ya sace ni, sai mai keke ya buga ƙarfe ya ce Hajiya an iso. Kafin wata ya ƙare tela ya buɗe mini siket biyu.

To a wajen cin nan ne asiri ya fara tonuwa. Wata rana a gidan wata baiwar Allah da ba ta cikin masu cokali, aka kawo mini miyar kuɓewa, na kai loma, na ji lami. Na ce, "Inna, ke ma kin rage gishiri ne?" Ta ce ina, ai wannan daga gidan Goggo mai cokali aka aiko, tata miyar tana can gidan Goggon. Na tsallaka gidan Goggo da sauri. Na tarar da ita ta baje a tabarma tana shan miyar kukar Inna, wadda ta ji gishiri da dunƙule har sai da kunnena ya motsa da na ɗanɗana.

Na ce, "Goggo, ina sharaɗinmu?"

Ta ce, "Na dafa da cokalinku, Allah Shi ne shaida. Wannan kuwa aiko mini aka yi. In zubar?"

Ban gama farfaɗowa ba na shiga gidan wata mai cokalin, na same ta a bakin murhu. A gabana ta ɗebi gishiri da cokalin, shafe daidai yadda na koya mata, ta zuba. Na ji sanyi a raina. Sai ta sake ɗiba, ta sake. Na ce, "Hajiya, ɗaya fa muka ce." Ta dube ni da mamaki ta ce, "Ɗayan nawa ne. Biyun na kwanon maƙwabta ne. So kike a ce na tsufa na manta girki?" Na ce to ai tukunya ɗaya ce. Ta ce ita ma ta lura da hakan, amma ya za ta yi.

Cokulan kansu kuwa ƙafa suka yi. Wani an ara an kai gidan biki. Wani ana ba jika maganin tari da shi. Wata mai tausayi ta ce ita ba za ta iya riƙe abin lafiya a ɗaki maƙwabciyarta na fama da ciwon kai ba, sai ta aika aka sayo mata irinsa a kasuwa ta raba wa ƙawayenta sadaka. Ban yarda ba sai da na je Kasuwar Gombe da kaina sayen kayan miya, na ji wani mai kayan roba yana kiran ciniki da "cokalin hawan jini, Hajiya, na asibiti ne". Ya miƙo mini har da cewa likitoci ne suka ce a saya. Na tura katina cikin mayafi na wuce.

Ranar da na tsaya a bakin layi bayan la'asar na zuba ido, dariya ta kama ni har na dafa bango. Kwanuka ne ke ta giftawa, ta ƙofa, ta kan katanga, ta tagar kicin, daga masu cokali zuwa marasa shi, daga marasa shi zuwa masu shi. Kashi biyun da muka raba da ambulan a rufe, da bismilla da komai, kafin magariba sun koma tukunya ɗaya. Ina dariya, amma gani nake in Dakta ta ji, shi ke nan an naɗe tabarmar bincike an bar Shamaki.

Mutum ɗaya ce tak ta riƙe sharaɗin nan yadda aka faɗa, ita ce Dada. A ofis har suna muka sa mata, tauraruwa. Amma ni da nake shiga gidan na ga abin da ba ya cikin awon jini. Ta rage ci. Ta mayar da tabarmarta can ƙofar ɗaki, inda ba a hango katanga. In la'asar ta yi, aka ji ƙarar langa a kan katangar, sai ta duƙar da kai ta kama jan carbi da sauri. Juma'ar da na ce za su shirya ta wuce, wasu Juma'o'in suka bi bayanta.

Gidan Iya kuwa ruwa kawai nake samu, ni da a da sai ta cika mini ciki ta kuma ƙulla mini na yara. Takan miƙo hannu in ɗaura mata na'ura, ta kau da kai.

"'Yar kati," ta ce mini wata rana, "aikinku na kyau?"

Na ce, "Alhamdu lillahi, Iya."

"To madalla. Na wanke matar nan ranar da ta haihu, ita ta zauna da ni da malam ya rasu. Yau takarda ta fi ni. Ba komai." Ta gyara ɗankwali. "Ki gaya wa likitarku ta nemi wata a madadina. Na ce wa yaron nan ya zo ya kwashe ni. Tumfuren dai da ake ta yi mini kuka da ita, ga ni nan zuwa."

Na leƙa ɗakinta na ga gaskiya ne. An sauke kwallaye daga kan kabad, an ɗaure buhunan kaya an jingine. Na san Tumfure, a can nake. Gida ne mai kyau da doguwar katanga da ƙofar ƙarfe, maƙwabcinka na kusa gonar masara ce. Iya za ta sami fanka da tayil, ta rasa wanda za ta ce wa komai. Dada kuma ba mai hawa keke ba ce, gwiwoyinta ko zaure da ƙyar suke kai ta.

Na koma wajen Dada na durƙusa na ce, "Dada, don Allah ki karɓi langar nan ko sau ɗaya. Kowa a layin nan ci yake. Babu wanda zai sani."

Ta dube ni, irin kallon da ya sa na gyara zama. Ta ce, "Ke kika ce mini amana ce. In kowa ya ci tasa, sai ni ma in ci?"

Na ce, "Iya fa tafiya za ta yi."

Ta ja carbinta. Sannan ta ce, "Na ji ana jan kaya." Ta share ido da gefen mayafi, ta ce in auna ta in tafi, rana na yi.

Washegari ne taronmu na ofis, inda kowa ke faɗin yadda unguwarsa take. Tun a keke nake shirya yadda zan lulluɓe zancen, in fara da yabon Dada, in ɗan taɓa batun kwanuka sama-sama. Da aka zo kaina sai bakina ya kufce. Na zayyane komai, da miyar Goggo, da cokali uku a tukunya ɗaya, da mai kayan roba na kasuwa. Na gama na sunkuyar da kai ina jiran a ce in ajiye kati.

Sai na ji wani irin sauti. Na ɗago, ashe Dakta ce ta kifa kai a tebur tana dariya har da hawaye. Ta ce in maimaita na cokali uku. Na maimaita. Ta tashi tana zagaya ɗakin tana tafa hannu.

"Na san za a ɗan yi musayar kwano," ta ce, "amma ban san ya kai haka ba. Kin san abin da kika kawo mana? Abin da muka fito nema kenan. Da mun tsallake wannan mun shiga babban kai tsaye, da sai mun gama wahala mu ga kashi biyun ba su da bambanci, mu ce rage gishiri ba ya aiki, alhali miya ɗaya suke sha. Yanzu mun san a nan ba a raba mutum da maƙwabcinsa. Unguwa guda za mu ɗauka ta zama kashi ɗaya, wata unguwar can nesa ta zama ɗayan. A koya wa layi gaba ɗaya, da surukai masu girki, kowa ya aika wa kowa."

Wani daɗi ya ratsa ni har na ji kamar in tashi in taka rawa a gaban ma'aikata. Wani ya ce to ai sai a ba tauraruwarmu kyauta, ita kaɗai ta bi doka. Nan murnata ta tsaya. Na gaya musu abin da bin dokar ya jawo mata, har da buhunan da ke jingine a ɗakin Iya.

Dakta ta zauna, karo na farko da na ga za ta yi bayani a zaune. Ta ce, "Wannan sharaɗin mu muka rubuta shi, kuma bai yi ba. Zan sanar da kwamitin da ya ba mu izini cewa mun cire shi. Ke kuma tashi yanzu, kada ki jira a tashi taro. Ki ce mata ni na ce na sauke mata, ta cika amanarta har ta yi yawa."

Ban san yadda na isa Shamaki ba. Na dai san na yi ta ce wa mai keke ya ƙara wuta, yana ce mini Hajiya keke ne ba jirgi ba. Na faɗa gidan Dada ana idar da la'asar, sallamata ma a tsakar gida na ƙarasa ta. Dada na kan sallaya. Na jira ta shafa, na zube a gabanta ina haki na isar da saƙon Dakta kalma bayan kalma.

Ta ce, "Ita da bakinta?"

Na ce, "Ita da bakinta, Dada."

Muna cikin haka aka ji ƙarar langa a kan katanga. Surukar ta fito daga kicin za ta ɗauke ta wuce da ita kamar kullum, Dada ta ce, "Kawo nan." Ta wanke hannu, ta ɗaga faifan. Tuwon masara ne da miyar kuka, tana tururi. Ta yi bismilla ta kai loma. Na zuba mata ido ina jiran in ga fuskar wadda ta yi makonni ba ta ji gishirin kirki ba.

Ta tauna a hankali. Ta sake kai wata. Sannan ta ajiye hannu a gefen langar ta dubi surukarta.

"Wannan miyar ba gishiri."

Surukar ta sunkuyar da kai ta ce, "Ai haka take zuwa, Dada."

"Tun yaushe?"

"Tun satin da aka kawo muku cokali. An ce aro ta yi a layi ta ga awon. Mu ne muke barbaɗa gishiri in za mu ci."

"Ba ku gaya mini ba."

"Kun ce kada a yi muku zancenta."

Ni dai ban san lokacin da hawaye ya zubo mini ba. Iya, wadda ke cewa miyar da ba ta ji gishiri ba wanka kawai aka yi wa ganye, ita ce ta yi makonni tana dafa wannan, tana ci, tana ɗorawa a katanga, ana mayar mata da langa a wanke ba tare da wadda aka dafa dominta ta ko buɗe ba.

Dada ta rufe langar. Ta dafa bango ta miƙe, ta ce a miƙo mata mayafi. Na ɗauka bakin katanga za ta, sai na ga ta nufi zaure. Na ce in riƙe mata langar, ta ce a'a. Haka ta fita layi tana ɗingishi, langa a hannu biyu, matan da ke leƙe ta ƙofa suna yi mata sannu ba ta ko juya ba, ni ina biye da takalmina a hannu don ban tsaya sawa ba.

Iya na zaune a ƙofar ɗakinta da nata kwanon a gaba, ba ta fara ci ba. Ta ga Dada, ta ga langar. Ta buɗe baki, kuma wallahi a karo na farko a sanina da ita babu abin da ya fito. Dada ba ta nemi tabarma ba. Ta zauna a kan ɗaya daga buhunan kayan da aka fito da su, ta ajiye langar tsakaninsu, ta ɗaga faifan, ta ci gaba da cin tuwonta.

Iya ta kalle ta ta kai loma uku. Sannan ta ce, "Babu daɗi ko?"

Dada ta ce, "Babu."

"To haka nake cinsa kullum. Sai ki ci ki ji."

Ta ture nata kwanon gefe, ta jawo kujerarta, ta sa hannu a langar. Suna cikin ci wayarta ta yi ƙara a ƙugunta. Ta ciro da hannun hagu ta miƙo mini ba tare da ta dube ni ba, ta ce in duba wane ne. Na ce babban ɗanta ne. Ta ce in amsa. Ya ce in tambaye ta ko ya turo motar kwasar kayan gobe da safe.

Na faɗa mata. Dada ta tsaya da loma a hannu, ba ta ɗago ba.

Iya ta suɗe yatsa ta ce, "Ce masa ya bar motar tukuna. Akwai mutum zaune a kan kayan."